Karnuka da Safe, Sallar Juma'a da Rana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da makullan wani ɗakin taro na unguwa a Barking. Aikina buɗewa da rufewa, shara da goge-goge, jera kujeru da kwashe su, da kunna hitar ɗumama ɗaki tun kafin mutane su iso. A Zariya malamin firamare ne ni. A Landan tsintsiya da bokiti na samu, na kuma riƙe su da kyau.

Ɗakin na council ne, wato ƙaramar hukuma, kowa na iya yin booking. Litinin tsofaffin mata ke motsa jiki, Laraba 'yan rawa, Lahadi coci biyu, ɗaya bayan ɗaya. Juma'a kuwa tamu ce. Mu 'yan Arewa da wasu 'yan zangon Ghana mun daɗe muna karɓar ɗakin daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi don sallar Juma'a, tunda ba mu da masallaci na kanmu. Ni nake shimfiɗa kafet, ni nake haɗa lasifika, in an idar kuma ni nake naɗewa.

Wata rana manajan wurin ya kira ni ofis, ya ce an yi sabon booking, kowace Juma'a daga tara da rabi zuwa sha ɗaya da rabi. Na tambaye shi su waye. Ya ce tsofaffin sojoji ne da karnukansu.

Na ce, "Karnuka? A cikin hall ɗin?"

Ya ce, "A ciki. Kana da awa ɗaya da rabi ka tsaftace kafin mutanenka su zo."

Ban gaya wa kwamitin masallacinmu ba. Na ce wa kaina in dai na bi da hoover mai zuƙe ƙura, na goge ƙasa sau biyu, na buɗe tagogi, sannan na shimfiɗa kafet, babu abin da ya taɓa sallar kowa. Gaskiyar magana kuwa, rigima nake gudu.

Su bakwai ne, maza shida da mace ɗaya. Mai koyar da su wata Baturiya ce gajera mai furfura, wadda ba ta ɗaga murya ko da wasa. A raina Malamar karnuka nake ce mata. Ita ta bayyana mini cewa dukansu sun je yaƙi sun dawo da ciwon da ba a gani a jiki: firgita, rashin barci, da ganin abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa. Ba a ba su kare horarre. Kowa shi ke horar da nasa, mako bayan mako, kuma horarwar kanta tana cikin maganin.

Ina kallonsu daga ƙofar sito. Ba wanda ke zama ya juya wa ƙofa baya. In kujera ta faɗi, sai ka ga kafaɗu bakwai sun ɗaga lokaci ɗaya. Karnukan kuwa abubuwa kaɗan ake koya musu, amma ana maimaitawa har sai na gaji da kallo: kare ya tsaya bayan mai shi in yana layi don kada a matso shi, ya zungure shi da hanci in hannunsa ya fara rawa, ya kwanta masa a cinya da duk nauyinsa, ya kuma nemo masa ƙofar fita in an ce masa "ƙofa".

Akwai wani dogo a cikinsu, bai fi shekara arba'in ba, mai askakken kai, da wata baƙar karya mai laushin kunne wadda ba ta gama girma ba. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen fita. Ba ya son cunkoson bakin ƙofa. Mun yi wata biyu muna gaisawa da kai kawai, ni cikin shuɗin kayan aikina.

Ranar da abin ya faru, akwai sunan jikan wani abokina bayan sallah, saboda haka na canza kaya da wuri a sito. Na sa farar jallabiya da hula. Na leƙa na ga kujeru babu kowa, na ɗauka duk sun tafi. Na jona lasifika, na ɗauki makirufo, na gwada shi yadda na saba gwadawa kowace Juma'a. Na yi kabbara sau biyu. Ashe wani ya murɗa ƙarar har ƙarshe, muryata ta cika ɗakin har tagogi suka amsa.

Sai na ji ƙarfe ya kartu a ƙasa. Dogon yana lungun da labule ya kare, ya durƙusa yana ɗaura wa karyarsa rigar aiki irin ta karnukan taimako. Kafin in gama juyowa ya miƙe, kujerar ƙarfe a hannunsa, ya ɗaga ta sama da kafaɗa. Tsakaninmu bai fi taku goma ba. Yana kallona, amma na rantse ba ni yake gani ba. Yana faɗin wata kalma da ƙarfi yana maimaitawa, ba Turanci ba ce. Daga baya na ji cewa "tsaya" take nufi a harshen ƙasar da aka kai su.

Ni kuwa, don tsoro, sai na taka gaba, ina so in ce masa ni ne. Ya ƙara ɗaga kujerar. Karyar ta rikice, tana haushi, tana gudu daga wurinsa zuwa wurina ta koma.

"Kada ka motsa."

Malamar ce, ta dawo daga wajen mota. Da ni take, amma idonta na kansa.

"Ajiye abin hannunka a ƙasa, a hankali. Buɗe tafin hannunka ya gani. Yanzu ka zauna."

Na zauna a ƙasa. Ta kira sunansa, ta gaya masa yau Juma'a ce, nan Barking ne, ana yayyafi a waje, ƙasan ƙafarsa katako ne. Ta sake faɗa, da murya ɗaya, kamar mai karanta jerin kayan cefane. Sannan ta ce wa karyar ta je gare shi. Sau uku ta faɗa kafin dabbar ta je ta jingina da ƙafarsa. Kujerar ta fara saukowa. Da ta taɓa ƙasa, shi ma ya sulale ya zauna, karyar ta haye cinyarsa. Ya cusa fuska a wuyanta, bayansa na rawa.

Mun kai minti ashirin a haka. Daga bisani ta fita da shi ta ƙofar baya. Bai dube ni ba.

Ban san shugaban kwamitinmu yana corridor ba. Alhaji ne dattijo, tsohon ma'aikacin banki, mutum mai tsari wanda ba ya son a ɓoye masa abu. Ya zo da wuri don ya kawo sabon agogon bango, ya ga ƙarshen abin ta gilashin ƙofa. Bayan sallah ya ja ni gefe.

"Malam, tun yaushe karnuka ke shiga inda muke sa goshi?"

Na ce, "Wata biyu ke nan, Alhaji."

"Wata biyu. Kuma kana cikinmu, kana bin sahu, ba ka ce komai ba." Ya girgiza kai. "To, wannan tsakaninka da Allah. Amma mutumin nan da kashe ka zai yi. Zan rubuta wa council. Kai za ka sa hannu a matsayin wanda aka ɗaga wa kujera. Da wannan kaɗai za su yi cancel ɗin booking ɗinsu."

Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce mako biyu.

Na je wurin limaminmu, wanda ɗalibi ne a jami'a, yana digiri na uku, bai kai ƙanena ba a shekaru amma yana da karatu. Na ce, "Allah gafarta Malam, sallar da muka yi wata biyu, tana nan?"

Ya ce tana nan. Ya ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, balle ga wanki ga shimfiɗa. "Amma Baba, abin da ke littafi daban, abin da zuciyar mutanenmu ke ɗauka daban. Ni kaina in kare ya shinshina ni sai na ji ba daɗi. Laifinka ɗaya, ɓoyewar."

Juma'ar da ta biyo Dogon bai zo ba. Da aka tashi, Malamar ta same ni ina juye ruwan bokiti. Ta ba ni haƙuri a madadinsa, sannan ta ce akwai abin da ya roƙa, likitarsa kuma ta yarda in ni na yarda. Yana so in riƙa tsayawa minti goma sha biyar bayan aji, cikin farar rigata, in riƙa takowa wajensa, har shi da karyar su koyi yadda za su yi.

Sai da na ajiye bokitin. Na ce, "Wato ni ne zan zama abin tsoron."

Ta ce, "Eh. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kana da damar ƙi, ba kuma wanda zai ga laifinka."

Na koma gida raina a ɓace. Na gaya wa maiɗakina. Na ce shekara nawa ina garin nan ana matsawa daga kusa da ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa in na sa jallabiya, yau kuma a ce in zo a gwada kare da ni. Su suka je ƙasar mutane da bindiga, ba mu muka je tasu ba.

Tana yankan alayyafo, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Duk gaskiya ka faɗa, Malam. To ka ƙi mana."

Na ce zan ƙi.

Ta ce, "Kwana bakwai ke nan kana ba ni labarin yadda bayansa ke rawa. Ba ka ba ni labarin kujerar ba sai sau ɗaya."



A mako na biyu Dogon ya zo. Da kowa ya watse sai ga shi a ƙofar sito, karyar na gefensa. Ina cikin shuɗin kayana. Ya tsaya nesa kaɗan, hannayensa a bayyane. Ya ce ya zo ya ba ni haƙuri da bakinsa. Ya ce a unguwarsu akwai masallaci a kan hanyar zuwa shago, shekara huɗu ke nan yana zagaye mai nisa don kada ya bi ta wurin. Ya ce ba ya ƙin kowa, jikinsa ne ba ya jin magana.

Sannan ya ce, idonsa a kan karyar, "Muna gadin wata hanya. Aka fara kiran sallah a lasifika. Wani mutum ya taho cikin farar riga, kamar yadda ka taho. Muka ce ya tsaya. Bai tsaya ba."

Na jira, bai ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba. Har yau ban sani ba ko mutumin nan bam ya ɗauko ya tashi da abokansa, ko kuwa wani bawan Allah ne kurma da ke hanyar masallaci suka harbe shi. Na sha juya abin a raina a kan sallaya. Kowanne daga cikin biyun ya isa ya hana mutum barci, kuma na biyun ya isa ya sa in tsane shi. Duk da haka, a tsaye a wurin, da mofa a hannuna, na ji bakina ya ce masa, "Juma'a mai zuwa."

Na gaya wa Alhaji ba zan sa hannu ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah Ya kyauta." Ya fi wata bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Ba da ni aka fara ba, da rigar aka fara. Malamar ta rataye jallabiyata a jikin ƙofa, Dogon ya zauna a can ƙarshen ɗaki yana kallonta yana ba karyar abinci ɗaya-ɗaya daga aljihu. Mako na gaba na sa ta, na tsaya cik a bakin ƙofa. Na gaba na yi taku uku. In hannunsa ya fara rawa, aikin karyar ne ta lura ta zungure shi, aikinsa kuma ya yaba mata ya ba ta lada. Malamar ta ce dabarar ke nan: muddin hankalinsa na kan ko karyarsa ta yi daidai, rabin hankalin nan ya bar wancan wuri.

Ba kullum ake nasara ba. Akwai ranar da takalmina ya yi ƙara a kan katako, ya miƙe ya fice, ya zauna a motarsa awa guda. Akwai ranar da karyar ta bar shi ta taho wurina tana kaɗa bindi, ta lashi gefen rigata. Na daskare. Tun daga ranar riga biyu nake zuwa da su, ɗaya ta karnuka, ɗaya ta sallah. Ban daina kallon kujerun da ke kusa da hannunsa ba, kuma na tabbata ya lura, don da kansa ya fara kwashe su ya kai bango kafin mu fara.

Zuwa lokacin da sanyi ya shigo, ina iya takowa har gabansa in yi masa sallama da Hausa, ya amsa da Turanci. Kiran sallah ne ba mu kai gare shi ba. Malamar ta ɗauki muryata a wayarta ta tura masa, shi da karyar suna saurara a gida ƙasa-ƙasa. Ta ce lasifika sai bayan sabuwar shekara.

Da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan in sanyi ya shigo, rana ta gajarta, azahar ta dawo kafin sha biyu. Liman ya sanar a group ɗinmu na waya cewa an dawo da huɗuba sha biyu da kwata, manaja kuma ya yarda. Na karanta saƙon, na lissafa cewa zan iya gama shara in na yi sauri. Abin da ban lissafa ba shi ne ruwan sama.

Ranar tun safe ake zuba shi. Sauran 'yan ajin suka tafi sha ɗaya da rabi, mu huɗu muka tsaya namu: ni, Malamar, Dogon da karyarsa. Muna cikin yi na fara jin hayaniya a corridor. Na leƙa ta gilashi. Mutanenmu ne. Da a ce babu ruwa, a waje za su tsaya suna hira. Yanzu duk sun shigo, sun fi arba'in, sun cika siririyar hanyar daga ƙofar hall har ƙofar titi, jallabiya da kaftani da babbar riga, ana karkaɗe lema, ana gaisawa da ƙarfi.

Dogon ya ji. Na ga wuyansa ya sandare.

Malamar ta ce, "Ƙofar baya." Ta je ta tura ta. A farfajiyar baya magina ne ke fasa kankare da injin nan mai bugawa kamar harbi. Ta yi maza ta rufe. Amma ya riga ya ji wannan ma. Ya ja da baya har ya jingina da bango, numfashinsa na fita sama-sama. Karyar ta zungure shi, ya shafa kanta ba tare da ya duba ba.

Ta ce masa za mu iya jira a sito har a shiga sallah. Ya girgiza kai. Sito ba taga, ƙofa ɗaya. Ta ce to a roƙi mutanen su fita waje minti biyu. Ya ce, a hankali, "In suka fita saboda ni, ba zan ƙara dawowa nan ba. Na san kaina. Zan bi ta cikinsu."

Ta dube ni. Na fita corridor, na ja ƙofar a bayana.

Na ɗaga murya na yi sallama, na ce, "Jama'a, don Allah ku saurare ni. Akwai mara lafiya a ciki, tsohon soja ne, da karensa. Zai wuce ta nan. Ina roƙon kowa ya koma bango ɗaya, a yi shiru, kada a dube shi, kada a miƙa masa hannu."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce kare kuma, ga mutane da alwala. Alhaji yana gaba, lemarsa na ɗiga. Ya ce, "Malam, ka ga abin da nake gudu ke nan. In ya rikice a tsakiyar mutane fa? Akwai tsofaffi a nan. Wa zai ɗauki alhaki?"

Tambayarsa gaskiya ce. Liman ne ya matso daga baya, rigarsa jiƙe. Bai yi wa'azi ba. Ya ce, "A daidaita sahu a bangon dama, kamar na sallah. Kowa ya dubi ƙasa." Wannan umarni ne da jikinmu ya saba da shi. Kafin minti ɗaya arba'in ɗin nan sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tattare bakin rigarsa ya riƙe a hannu. Alhaji ma ya shiga sahun, fuskarsa a ɗaure.

Na buɗe ƙofa. Muka shirya: ni a gaba, don farar rigata ce kaɗai ya saba da ita, shi da karyar a bayana, Malamar a ƙarshe. Hanyar ba ta fi taku ashirin da biyar ba. Ina jin ƙarar faratan karyar a kan tayil, ina jin numfashinsa a ƙeyata. Na ƙirga taku biyar. Goma. Ba mai tari. Ruwa na bugun rufi.

A taku na goma sha uku waya ta ɗauki kiran sallah.

Irin manhajar nan ce da ke kira da kanta in lokaci ya shiga. Daga aljihun Alhaji take, kuma muna daidai gabansa. Muryar ladanin ta cika corridor. Alhaji ya saki lema, ya cusa hannu a babbar riga yana lalube, aljihun ya ƙi samuwa.

Na juyo a hankali, tafin hannuwana a buɗe. Dogon ya tsaya cak. Idonsa ya tafi, irin tafiyar da na gani ranar kujera. Hannunsa na dama ya dunƙule, yana rawa, tsakaninsa da fuskar Alhaji bai fi kamu biyu ba. Na ga Malamar ta buɗe baki, sai ta fasa.

Karyar ce ta riga kowa. Ba wanda ya ce mata komai. Ta sa hanci ta daki dunƙulallen hannun, ta sake duka, da ƙarfi, har hannun ya yi lilo. Da bai kula ba, ta zagayo gabansa ta jefa duk jikinta a kan ƙwaurinsa, har ya yi tangaɗi. Ya dubi ƙasa. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen tayil, ta haye cinyarsa ta danne.

Wayar na ta kira. Alhaji ya samo ta, amma ya kasa kashewa. Wani ɗan Ghana da ke kusa da shi ya karɓa ya danne. Shiru ya dawo. Mutum arba'in na kallon ƙasa, ni ina kallon hannun. Na ga yatsun sun buɗe ɗaya bayan ɗaya sun nutse cikin gashin wuyanta. Leɓɓansa na motsi. Da na kasa kunne, sai na ji yana gaya wa kansa: Juma'a ce, Barking ne, ana ruwa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Daga ƙarshe ya laluba aljihu, ya ciro ɗan abincin nan ya ba ta, don ta yi aikinta daidai kuma doka ce a biya ta nan take. Sannan ya ce, "Ƙofa." Ta sauka, ta ja gaba. Ya miƙe ya bi ta, suka wuce ni, suka wuce sauran sahun. Wani dattijo da ke ƙarshe ya tura musu ƙofar titi da ƙafa, bai ɗago kai ba.

Na bi su waje. Ya dafa shingen ƙarfe ya yi amai a cikin furanni, ruwa na dukan bayansa. Malamar ta tsaya gefe ba ta taɓa shi ba. Da ya ɗago ya share baki, ya dube ni ya ce, "Na taɓa wani?"

Na ce, "Ba ka taɓa kowa ba."

Ya gyaɗa kai, ya nufi mota.

Ranar nan sau ɗaya na goge ƙasa, mutum biyar suka taya ni shimfiɗa, aka fara huɗuba a makare. Alhaji ya koma motarsa ya ɗauko dardumarsa ya ɗora a kan kafet. Bayan sallah ya zauna ya daɗe bai tashi ba. Da nake naɗe wayar lasifika ya kira ni.

"Mutumin nan, yana da iyali?"

Na ce ina jin sun rabu da matarsa, amma yana da 'yar'uwa.

Ya ce, "Wasiƙar nan zan rubuta ta, Malam. Abin da ya faru yau bai kamata a sake shi ba, don mu da shi duka. Amma ba zan sa maganar kujera ba."

Ya rubuta, liman ya sa hannu, ni ma na sa. Mun roƙi a raba ranakun ne kawai. Bayan 'yan makonni council ta mayar da ajin karnuka Alhamis. Ba zan ɓoye ba, na ji sauƙi. Wasu daga cikin mutanenmu duk da haka sun koma wani masallaci a Ilford, ba su dawo ba, kuma akwai wanda har yau yake ganin na ci amanar jama'a.

Mun ci gaba da namu minti goma sha biyar ɗin a ranar Alhamis har bazara. Mun kai ga lasifika, da ƙaramar murya tukuna, sannan da babba. Sau biyu ya fita, sau da yawa ya zauna. Shi da karyar suka ci jarrabawar da ake yi musu a kasuwa da cikin jirgi, aka ba ta rigar aiki ta dindindin. Ba da daɗewa ba ya koma arewacin Ingila kusa da 'yar'uwarsa. Malamar ta ce ya samu aikin gyaran kekuna kwana uku a mako, kuma har yanzu akwai makon da ba ya iya fita daga gida.

A gurbinsa aka kawo wani saurayi mai jan gashi da ɗan kwikwiyo. Mako uku yana zuwa yana ajiye mota a bakin ƙofa, ya kashe inji, ya zauna har a tashi, ya koma. A na huɗu Malamar ta ce in buɗe ƙofofin titi duka biyu in tokare su, in kuma kunna duk fitilun corridor, don ya hango ɗakin tun daga mota. Na yi haka, na koma sito na ci gaba da wanke mofa. Wajen sha ɗaya saura na ji ya fito, ya rufe ƙofar mota.